Akori-kurar Peugeot 504 ba ta ƴan gwangwan ba ce

A Jos mutane da yawa na ɗauka tsohuwar akori-kura ta gama aiki, wai tsohuwar motar da ta cancanci adanawa sai Marsandi. Suna da hujja, don yawancin waɗanda ake gani dakon dankali da tumatir zuwa kasuwar Farin Gada ya ragargaza su.

Amma 504 akori-kura daga jikin ƙaramar motar 504 aka fitar da ita: gabanta da injinta iri ɗaya ne, bayan ne aka ƙarfafa don kaya. Kamfanin Peugeot na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana harhaɗa 504, shi ya sa kayan gyaranta ba su yi wuya ba. Kafireto ya lalace, ka leƙa Dilimi inda ake sayar da kayan gyaran mota, bakanike ya ɗaura. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya riƙe ta. Tsatsar ƙasan bodi ce abin dubawa kafin ciniki.