Katafilar Alhaji Ba Ta Zama Da Rabin Tanki

Alhaji ɗan kwangila ya iso bakin aikin hanya wajen Kwannawa, ya tarar da katafilarsa tana aman mai ta murfin tanki. Bakanike na tsugune yana lakato kumfa da yatsa, direba kuma ya raɓe a inuwar bokitin katafilar.

ALHAJI: Subhanallahi! Mi ya samu amarya?

(Haka yake kiran katafilar. Hajiya ba ta sani ba.)

BAKANIKE: Ranka shi daɗe, wa ya ƙara mata haidirolik, man da ke motsa hannunta?

ALHAJI: Ni, da hannuna! Jarka ukku, sai da na ga mai ya taɓo murfi.

BAKANIKE: Ba ka duba gilashin geji ba?

ALHAJI: Na duba mana. Na ishe mai ya tsaya tsakiya. Tsakiya, Malam! Katafilar Alhaji guda da rabin tanki? Mutanen Mabera su ji su ce na karye?

BAKANIKE: Ai tsakanin layukkan nan biyu na geji shi na cikarta. Sauran wurin na iska na.

ALHAJI: Iska! Miliyoyi na biya, a ce in bar wa iska wuri kyauta? Ta biya haya?

BAKANIKE: Sa'ad da ka zuba, ina hannun katafilar yake?

DIREBA: Yana miƙe sama, Oga. Alhaji ya ce a ɗaga a ɗauke shi hoto.

BAKANIKE: To ka ji. Sandunan silinda na waje, mai ya tahi cikinsu, shi ya sa geji ya sauka. Da anka janye su, man ya dawo tanki ya ishe jarkokinka ukku sun cinye mai wuri. Ga shi mai in ya ɗau zahi kumbura shikai, kuma ka san ranar Afrilu a Sakkwato, ta wuce digiri 40 tun ba a tada inji ba. Ina kake so shi shiga?

ALHAJI: Shi yi haƙuri, kowa ma a matse yake ƙasar ga.

BAKANIKE: Dubi kumfar ga.

ALHAJI: Alamar mai mai kyau ke nan. Ka taɓa ganin sabulun kirki da ba ya kumfa?

BAKANIKE: Iska ta gauraye da man, Alhaji. Mai ba ya matsuwa, iska tana matsuwa. Shi ya sa direba ke jan liba, hannu sai ya yi shawara kafin ya motsa, in ya motsa kuma da karkarwa. Ka ji famfo na kuka?

ALHAJI: Kukan ƙoshi na.

BAKANIKE: Kukan kuɗi dai. Man ya yi zahi hiye da ƙima, sil-sil, robobin da ke tare mai, sun fara zuba, ƙura na bin danshin tana mannewa. In famfon ga ya mutu, sai ka saida hili.

Alhaji ya gyara malum-malum, ya zagaya katafilar sau biyu irin zagayen masu duba aiki daga ma'aikata, waɗanda ke zuwa su tafi hanya na nan yadda damina ta bar ta.

ALHAJI: Na gano maganin. Kawo leda da roba a ɗaure kafar murfin ga. In ba ƙofa, ta ina za ya fita?

BAKANIKE: Nan tanki ke numfashi! Ka toshe, sai ya nemi hanya ta sil ko ta tiyo.

ALHAJI: To hassada ta. Tun da anka ba ni aikin ga...

BAKANIKE: A kai ta wuri mai daidai, a aje bokiti ƙasa, a kashe ta huce, in zuƙe rarar. Shi ke nan.

ALHAJI: Zuƙe! Ni ban taɓa ba da abu in amshe ba. Tambayi kowa, Alhaji ba ya rowa.

Nan direba ya ga ƙofa ta buɗe, ya miƙe yana kakkaɓe wando.

DIREBA: Gaskiya na, ranka shi daɗe. Tunda ana maganar, albashinmu na wata ukku...

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa, ya zaro naira 500 ya miƙa masa.

ALHAJI: Riƙe wagga. Ba ka ji bayanin Malam ba? Cikawa da yawa illa ta, ga zahi ana yi. Sil ɗinka ka so ya fashe?