Yaron nan kallo yake yi

Na ga bidiyon wani yaro mai larurar galahanga da malamarsa a wajen baje kolin zane. Wai yaron bai san darajar zane ba, don ya ƙi kallon fuskar mahayin da ke jikin hoton, ya kafe ido a kan aikin wuyan rigar mahayin har minti goma. Malamar ta fizge shi gaba, ku kuma kuna ta yi mata jinjina a ƙarƙashin bidiyon. Sannunku da ƙoƙari, masana!

Yaron nan kallo yake yi. Da yawa daga masu larurar galahanga, wato otizim, idonsu kan fara sauka a kan ƙananan abubuwa kafin ya haɗa hoton gaba ɗaya: layin da ya maimaitu, inda shuɗi ya ci karo da fari, sawun buroshi. Tun 1983 masu bincike Amitta Shah da Uta Frith suka gwada wannan a Ingila, suka ga yaran sun fi tsaransu iya tsamo ƙaramar siffa da aka ɓoye cikin babban zane. Kai ka ga mahayi ka wuce. Shi ya ga zare.

Za ku ce ai bai nuna ya ji daɗi ba. Da me zai nuna? Wani kaɗa hannu yake yi, wani jijjiga jiki, wani shiru. Kada a ce masa "me ka ji a ranka?", da yawansu sanya wa abin da suke ji suna ne ke ba su wuya. A ce "launi nawa ka gani a nan?" ko "ina layin nan ya ƙare?", sai a jira daƙiƙa goma kafin a sake magana. A zaɓi hoto uku ko huɗu, minti ashirin ya isa. A je lokacin da babu cunkoso, a tafi da abin toshe kunne, a nuna masa ƙofar fita tun farko. Tsohon dogon ƙwan lantarki na ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ga amsa-kuwwar zaure, ga turare. Idan ya fashe da kuka, ɗakin ne ya kore shi, ba zanen ba.

Ku kuma masu turo min Stephen Wiltshire, mai zanen nan ɗan Birtaniya da ke da wannan larura, wanda ya zana Tokyo da ka a 2005 bayan ya kewaya ta a jirgi mai saukar ungulu, don Allah ku huta. Ba kowane yaro ne shi ba, kuma ba sai yaro ya iya zane ake barinsa ya kalla ba.