"Shipped" ba ya nufin kaya sun iso

Wata ƙanwata da ke Ƙofar Ƙaura ta yi odar takalmi a intanet. Bayan kwana biyu sai ga saƙo a wayarta: "Your order has been shipped." Nan take ta yafa mayafi ta tari Napep zuwa wurin karɓar kaya, wai sun iso. Haka ta dawo hannu Rabbana, ga asarar kuɗin mota.

Da yawa a nan Katsina haka suke fahimtar kalmar. Wasu kuma, da yake sun san "ship" jirgin ruwa ne, sai su ɗauka kayan suna bisa teku. A bakin 'yan kasuwa "ship" aikatau ne mai nufin tura kaya, ko a tirela ne, ko a jirgin sama. Ƙarin "ed" a ƙarshe shi ke nuna aikin ya riga ya auku, shi kuwa "has been" ya zo ne don ba a ambaci wanda ya yi aikin ba, daidai da yadda muke cewa "an tura". To, an tura daga Legas, ƙila ma motar ba ta kai Kaduna ba tukuna.

In saƙo ya ce "out for delivery", mai kawowa ya fito da kayan, sai a bar waya a kunne. "Delivered" ita ce an kawo. In aka ga wannan alhali ba a karɓi komai ba, a kira kamfanin ranar, kada a bari ya kwana.