Tukunyar nukiliya na Zariya tun 2004, layin wutar ne ba mu gyara ba

Da yawa daga mutanen Zazzau ba su san cewa sama da shekara 20 ke nan suna kwana suna tashi da tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke samar da zafi daga yuraniyam, a garinsu ba. Tana cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar ƙasar Sin ce, sunanta NIRR-1, kuma a 2004 ta fara aiki. 'Yar mitsitsiya ce, ƙarfinta kilowat 30 ne da 'yan kai, ba ta ba kowa wuta. Aikinta gwajin ƙasa da ma'adinai da horar da ɗalibai. A 2018 aka cire mata yuraniyam mai ƙarfi, irin wanda ake tsoron a haɗa makami da shi, aka mayar Sin, aka zuba mata mai sauƙi. Mai shayi a Samaru ko labari bai ji ba.

Na fara da wannan ne don duk wanda ka ambata wa nukiliya, Hiroshima da Canobil, tashar nukiliyar da ta fashe a Yukiren, ke faɗo masa a rai. Duniya kuwa ta fara sauya tunani. Tashar nukiliya ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama yanayi, ga shi ba ruwanta da faɗuwar rana ko hazon hunturu da ke rage wa sola ƙarfi. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, ƙasashe fiye da 20 suka yi alkawarin ninka ƙarfin nukiliyar duniya sau uku kafin 2050. Bankin Duniya ma, da ya daɗe yana ƙin sa kuɗinsa a harkar, ya janye takunkumin a 2025. Masar na gina tukwane huɗu a El Dabaa da za su ba da megawat 4,800, kusan abin da Nijeriya baki ɗaya ke rabawa ranar da aka yi sa'a.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sababbin ƙananan tukwane, waɗanda ake ƙera sassansu a masana'anta a kawo a harhaɗa, kowace ba ta wuce megawat 300 ba. Sin ta fara sayar da wuta daga wata sabuwar ƙira a Shidaowan a ƙarshen 2023, wadda iskar heliyam ke sanyaya ta maimakon ruwa. Irin wannan girman ne daidai ƙugunmu. Injiniyoyi na cewa bai kamata tukunya ɗaya ta ɗauki fiye da kashi goma cikin ɗari na wutar da ke kan layin ƙasa ba, don ranar da ta tsaya kada ta ja kowa cikin duhu. Ka ɗora mai megawat 1,200 kan layinmu da ke durƙushewa sau da yawa a shekara, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Amma fa kada zaƙin talla ya kwashe mu. A Amurka, aikin farko na kamfanin NuScale mai ƙananan tukwane ya ruguje a 2023 saboda tsadar wutar da zai sayar, kuma sababbin manyan tukwane biyu na tashar Vogtle sun ci fiye da dala biliyan 30 bayan jinkirin shekara bakwai. Masu kuɗin ke nan. Mu da aka kafa wa hukumar makamashin nukiliya tun 1976, aka ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom, aka sa hannu da Rasha a 2017, har yau ko bulo ɗaya. Maƙwabtanmu na Arlit a Nijar ma, da yuraniyam ɗinsu ya daɗe yana haska Faransa, ba su tsira da wutar kirki ba.

Ra'ayina, a shiga harkar, amma ta ƙofar da ta dace. A fara da turakun wuta da taransifoma da mita, don tukunya ba ta biyan bashinta in ba a karɓar kuɗin wuta. A ƙarfafa hukumar da ke sa ido, ta iya cewa a'a ko minista ne ya matsa. A riƙe masanan da Zariya ta horar kafin wasu ƙasashe su ɗauke su. Mai walda a Sabon Gari da mai injin niƙa a Tudun Wada ba su damu da inda wuta ta fito ba. Tambayarsu ita ce yaushe za su daina sayen man janareta.