Allon 4K da ƙananan rubutu

Na gaji da jin cewa allon kwamfuta na 4K yana gajiyar da ido, wai rubutunsa kamar tururuwa, gara tsohon allo. Abin da masu faɗin haka suka gani gaskiya ne, sai dai matsalar daga saiti take. Allon 4K yana da ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto (pixel) 3840 a faɗi, 2160 a tsaye, wato ninki biyu a kowane gefe, ninki huɗu a jimilla, na tsohon allo mai 1920 da 1080. In girman allunan ɗaya ne, harafin da aka zana da ɗigo 16 zai koma rabin tsayinsa. A saitin Windows, ɗaga ma'aunin girma zuwa kashi 200, rubutu ya dawo yadda yake, gefunansa sumul. Wasu tsofaffin manhajoji dai kan fito dishi-dishi, don ba a gina su da wannan tsari ba.