Daren da Na Ƙwanƙwasa Ƙofata Daga Ciki

Tun ranar da na cire Windows daga tsohuwar laftof ɗina na ɗora mata Ubuntu, wani nau'in Linux mai maye gurbin Windows, kaina ya kumbura. Na'urar da a da sai ka kunna ta ka je ka yi wanka ka dawo tana nishi, ta koma kamar sabuwa fil. Shi ke nan na naɗa kaina injiniyan gida. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin Linus Torvalds, ɗalibin da ya fara Linux a 1991, sai ka rantse aji ɗaya muka yi.

Ran nan da daddare na buɗe laftof, Wi-Fi ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ga uwargida tana kallon bidiyo a wayarta lafiya lau, ƙanena ma yana ta hira da abokansa. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali cewa rautar gidan, na'urar da ke raba mana intanet, ƙalau take, ciwon yana kan cinyata. Amma ina injiniya ina amsa mai sauƙi?

Na buɗe taminal, baƙin allon nan da ke sa mutanen gida su zaci banki kake yi wa kutse. Na rubuta ping 127.0.0.1, umarnin da ke ƙwanƙwasa adireshi a ji ko zai amsa. Amsa ta yi ta zuba, layi bayan layi. Na daki ƙirji na ce, "Kun gani ko? Kwamfutata garau take, rautar ce ta haukace."

Abin da ya kwanta mini a lokacin shi ne 127.0.0.1 adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi ne. Ko babu rauta a duniya sai ya amsa. Wato na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina daga ciki, na ce wane ne, na amsa ni ne, na kuma yi murna an yi baƙo.

Daga nan na gwada ping 8.8.8.8, adireshin Google. Kwamfuta ta ce babu hanyar fita. Sai na ɗora laifin kan DNS, don na ji gwanaye suna yawan zarginsa. Shi kuwa DNS aikinsa juya suna zuwa lamba, ni kuma lamba na rubuta, to ina ruwan biri da gada? Duk da haka na buɗe /etc/resolv.conf, fayil ɗin saitin DNS da aka rubuta a samansa cewa kada a taɓa, na taɓa. Na buga sudo systemctl restart NetworkManager, umarnin sake tayar da manhajar da ke kula da haɗin intanet, sau uku, na ukun da ƙarfi, ko za ta ji tsoro.

Sai na nufi rautar da allura a hannu.

Zare wa rauta wuta na daƙiƙa talatin a mayar daban, danna ɗan ramin nan na bayanta daban. Na farko barci ne ta farka. Na biyu, in ka riƙe shi kamar daƙiƙa goma, za ta manta sunan Wi-Fi da kalmar sirri da duk saitin da aka taɓa yi mata, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Na biyun na zaɓa.

Gidan ya yi tsit. Can sai na ji muryar uwargida: "Maigida, me ka taɓa?"

"Gyara nake yi."

Ƙanena ya leƙo. "Yaya, gyaran ne ya ɗauke mana intanet?"

Na kifa rautar ina neman kalmar sirrin kamfani a jikin takardar da ke manne ƙarƙashinta. Rubutun ya koɗe, ba ka bambance sifiri da harafin O. Da na gaji sai na lalubo kebul na haɗa laftof da rautar kai tsaye, abin da ya kamata in fara yi tun ɗazu. Na rubuta ip a don in ga adireshin laftof ɗin, sai ga adireshi mai farawa da 192.168.1, intanet kuma na gudu kamar ba abin da ya faru. Ashe Wi-Fi ɗin laftof ɗin kaɗai ke kwance.

Na rubuta rfkill list don in ga ko an kulle Wi-Fi ɗin. Layi biyu suka fito, Soft blocked: no, Hard blocked: yes. Na farkon kulle ne na manhaja, rfkill unblock wifi na buɗe shi. Na biyun kulle ne na jikin na'ura, maɓalli ne wani ya danna da yatsa, kuma ko sudo, umarnin da ke ba ka cikakken iko a kan kwamfuta, bai isa ya buɗe shi ba.

Ina jujjuya laftof ɗin sai autata mai shekara shida ta matso. "Abba, wannan ɗan abin kake nema? Ni na tura shi ɗazu. Fitilarsa ce ke hana 'yar tsanata barci." Ta sa ɗan yatsa a gefen laftof ta tura wani makunni da ban taɓa sanin da zamansa ba. Fitila ta kama, Wi-Fi ya dawo.

Na shiga 192.168.1.1, shafin saitin rautar, na raɗa wa Wi-Fi sabon suna da sabuwar kalmar sirri mai tsawon gaske, sannan na bi wayoyin gida da talabijin ina shigarwa ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na ƙarshe ƙanena ya ce, "Yaya, da ka mayar da tsohon suna da tsohuwar kalmar, ai da duk sun haɗu da kansu." Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko. Ya ce bai so ya katse injiniya ba.

Washegari rimot ɗin talabijin ya ƙi aiki. Uwargida ta ɗaga murya daga falo, "Ina injiniyan gidan nan?" Na miƙe ina gyara riga.

"Zauna abinka, Maigida," in ji ta. "Auta nake kira."