Robot ɗin shara ya min rana a Birmingham, amma ban ga zan kai wa Umma shi Kano ba

Ranar Lahadi muna bidiyo kol da ƙanwata, ina zaune a ƙasa ina ninke kayan yara, sai ga abin nan ya fito daga ƙarƙashin kujera yana ɗan gurnaninsa ya wuce ta bayana. Ta ce "Yaya tsaya tsaya, mene ne wancan?" Na juya mata wayar ta kalle shi ya kai minti biyu yana bin gefen bango yana tsince ɓurɓushin biskit, sai ta ce "Don Allah Yaya in za ki zo Disamba ki taho wa Umma da irinsa, kin san bayanta yanzu ba ya son sunkuyo." Wallahi maganar ta taɓa ni, don nima ciwon bayan nan na Umma yana raina, amma na ce mata a'a, kuma tun ranar nake ta juya dalilin a kaina shi ya sa na ce bari dai in rubuta, ko wani zai amfana kafin ya zuba kuɗinsa.

Ni dai a nan abin ya min rana, ba zan ɓoye ba. Aikin shif nake yi, wani satin dare wani satin rana, yara uku, maigida shi ma yana fita tun asuba, ba ƙanwa ba 'yar riƙo ba maƙociyar da za ki leƙa ta katanga ki ce aiko min yarinyarki ta ɗan share min tsakar gida. In kin ce za ki ɗauki mai goge-goge, mafi ƙarancin albashin doka ma a Afrilun 2025 fam 12.21 aka yanke a awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21, kuma masu zuwa gida sun fi haka karɓa. To kinga abin da za ki saya sau ɗaya ya dinga share miki falo kullum kina wurin aiki ba almubazzaranci ba ne. Ga shi mu rayuwarmu a ƙasa take, a ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke sallah, a ƙasa yara ke karatun Islamiyya, baƙi ma in sun zo da an gaisa sai ki ga an sauko daga kujera an miƙe ƙafa a kafet. Ƙasan ɗaki a wurinmu kamar teburin Bature ne, dole ya zama fes.

Amma na farkon da na saya kuskure na yi, kuma kuskuren da yawancinmu ke yi ne, na ga ragi a Black Friday na danna kawai. Irin masu arhar nan ne da ba su san inda suke ba, yana tafiya ya bugi ƙafar kujera ya juya, ya bugi bango ya juya, ya share wuri ɗaya sau biyar ya bar wani lungun ko sau ɗaya bai leƙa ba, in caji ya ƙare kuma sai kin bi ɗaki ɗaki kina nemansa. Ranar da ya gama da ni ita ce ranar da ya haɗiye gezar sallayata, zaren ya naɗe burushin gaba ɗaya, na zauna da almakashi da reza wajen rabin awa ina yankowa, ga gashin kitson yara da zaren hijabi duk sun cukuikuye a ciki. Araha ba ta ado, na gani da idona.

Shi ya sa yanzu duk wanda ya tambaye ni nake cewa kafin ka duba kwali duba ƙasan gidanka tukuna. Abu na farko yadda yake gane hanya. Akwai masu ɗan tudu a saman kai, a ciki akwai hasken lesa da ke juyawa yana auna nisan bango da kaya, shi ake kira LiDAR, da shi yake zana taswirar gidan ya dinga bi layi layi kamar mai huɗa a gona, kuma ko cikin duhu yana aiki. Akwai masu amfani da kyamara, su kuma suna son haske, a ƙasar da a Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ni mai lesa na zaɓa a karo na biyu. Sai dai ɗan tudun nan yana ƙara masa tsayi, yawanci wajen santimita 10, don haka ɗauki tef ki auna ƙarƙashin gadonki da kujerunki, in ba zai shiga ba to rabin amfaninsa ya tafi, don can ne ƙurar take taruwa.

Lambar nan da suke rubutawa da manyan baƙi, wai Pa dubu kaza, ƙarfin zuƙa ke nan, da can 2,000 ake gani yanzu har an wuce 10,000 kuma kowane kamfani da yadda yake aunawa. Kar ta ruɗe ki. A tayil ko katako matsakaici ma ya isa, a kafet kuwa burushin ne ke yin aikin, kuma gidan da ke da mata da 'yan mata burushin roba ya fi mai gashi-gashi, bai cika naɗe gashi ba kuma cire shi a wanke ba wuya. Ki duba kuma ko ana samun kayan canjinsa cikin sauƙi, wato matatar ƙura da ƙaramin burushin gefe da batir, don waɗannan sai an dinga sauyawa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Farashi kuwa daga fam ɗari da wani abu ne har sama da fam 1,000, manyan sunayen da za ki ci karo da su su ne Roomba na iRobot wanda ya fara fitowa tun 2002, sai na China irin su Roborock da Ecovacs da Dreame da Eufy. Ba zan ce ga wanda za ki saya ba, gidanki ne zai faɗa miki.

Abubuwa biyu ne nake so in tsaya a kansu sosai don masu tallan ba za su taɓa faɗa mana ba, ba damuwarsu ba ce. Na ɗaya tsarki. Yawancin na yanzu suna zuwa da tsumman mofin a ƙasa, yana shara yana goge-goge lokaci ɗaya, abin sha'awa a bidiyo. To amma ki yi tunanin gidan da ake koya wa yaro fo, ya tsula fitsari a lungun koridon ba ki gani ba, robot ya biyo da jiƙaƙƙen tsumma ya bi ta kai ya zagaye gidan da shi har inda kike shimfiɗa sallaya. Mu da muka taso an koya mana najasa sai an wanke ta da ruwa mai tsarki, wannan ba tsafta ya yi miki ba, yaɗa ta ya yi. Ni tun da na yi wannan tunanin na cire tsumman na ajiye sai autana ya wuce wannan matakin, shara kawai yake min, mofin da hannuna nake yi. Kuma a manhajar wayar akwai inda ake zana masa jan layi a ce kar ka shiga nan, na zana a ƙofar banɗaki saboda ruwan buta da ke zuba a ƙasa, na zana a lungun da nake ajiye kaskon turaren wuta. Wannan na kaskon don Allah ku kula, garwashi a ƙasa da abin da ke yawo yana ture kaya a kan kafet ba sa zama ɗaki ɗaya.

Na biyu sirri. Abin nan yana da taswirar gidanki, ya san ɗakin barcinki, wasu kuma da kyamara a gaba don gane takalmi da wayar caja, wasu ma har za ki iya kallon gidan ta wayarki kina waje. A Disamban 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin hotunan cikin gidajen mutane da wasu Roomba na gwaji suka ɗauka, har da wata mata a banɗaki, hotunan suka ɓulla a zaurukan sada zumunta ta hannun ma'aikatan da aka ba su aikin tantance su. Kamfanin ya ce na gwaji ne da aka raba wa waɗanda suka amince, ba waɗanda ake sayarwa a kanti ba. Na ji, amma ni matar da a cikin gidana ne kawai nake cire ɗankwali in sake, ban ga dalilin da zai sa in kawo ido mai haɗe da intanet yana yawo a tsakanin ƙafafuna da na 'ya'yana mata ba. Mai lesa zalla ba kyamara ya ishe ni, ko da zai ci gaba da haɗiye safa in an bar ta a ƙasa.

To yanzu mu koma Kano, gidan Umma. Gidanmu irin na da ne da aka gyara, zaure, tsakar gida da siminti, ɗakuna kowanne da dokin ƙofarsa mai tudu saboda ruwan damina, ɗakin Umma leda ce a ƙasa da darduma a kai, falon ne kawai aka sa wa tayil. Yawancin robot ɗin nan abin da suke iya hawa bai wuce santimita 2 ba, dokin ƙofarmu kuwa ya fi tafin hannu, kenan sai an ɗauke shi an kai shi ɗaki ɗaki, sunkuyon da ake gudar wa Umma ya dawo ke nan. Tsakar gidan da ita ce babbar sharar, ganyen darbejiya, yashi, ɓawon gyaɗa, ruwan wanke-wanke, kwata-kwata ba wurinsa ba ne.

Sannan ƙura. Ƙurar Ingila gashi ne da zare da ɓurɓushin burodi, akwatin cikinsa da bai kai rabin lita ba sai ya kwana biyu uku bai cika ba. Ƙurar hunturu a Kano kuwa wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na Chadi, laushi gare ta kamar hoda, kin share da safe kafin azahar kin rubuta sunanki a kan tebur, kuma ba ƙasa kawai take sauka ba, saman talabijin, labule, kwanukan cikin kabad, ko'ina. Matatar za ta toshe cikin ɗan lokaci, kuma in ta lalace ko burushin ya cinye sai an jira mai zuwa daga waje ko a yi oda a jira. Ga wuta, shi wannan abin rayuwarsa a kan caji take, da yawansu siginar gidan cajin suke bi su koma, in an ɗauke wuta sai ya tsaya yana dube-dube har batir ya mutu, batirin lithium kuma ba ya son a bar shi ya mutu murus ba ya son zafi, a garin da watan Afrilu ake wuce digiri 40. Taswira da jan layin da nake yabo duk sai da waifai a gida, Umma kuwa datar wayarta ce kawai take sawa don ta ga jikoki.

Ban ce ba wanda zai amfana da shi a Najeriya ba fa. Mai fulat a Abuja ko sabbin gidajen nan na Kano da Kaduna, tayil tun daga ƙofa har kicin ba tudu, tagogi a rufe, ga sola da inbata ga waifai, miji da mata duk suna fita aiki, wannan ya saya zai ji daɗinsa, ƙila ma ya fi ni don tayil ya fi kafet sauƙin shara. In daga Ingila za a kawo masa ma fulogin mai baki uku ne irin namu kuma ƙarfin wutar ɗaya ne, 230. Wanda za a kawo wa daga Amurka ko Kanada shi ne zai karanta bayan gidan cajin da kyau, don can 120 ne, kuma wasu manyan gidajen cajin masu zuƙe sharar da kansu wuta iri ɗaya kawai suke ɗauka, kana jonawa ya ƙone. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu na waje muke yi wa iyayenmu tsaraba don mu ji mun yi wani abu, ba tare da mun tsaya mun kalli yadda suke yini ba. Na san gidaje da dama da injin wanki ko na'urar gasa burodi ke lulluɓe da zani a saman kabad tun ranar da aka kawo. Da na kai wa Umma robot na san abin da zai faru, za ta yi ta sa min albarka, ta nuna wa maƙota, ta mayar da shi kwalinsa ta tura ƙarƙashin gado don kar jikoki su ɓata, gobe da asuba ta ɗauki tsintsiyar kwakwarta ta sunkuya.

Sai na ce wa ƙanwata ga abin da za mu yi. Ta je kasuwa ta samo tsintsiya mai dogon mariƙi da abin kwashe shara shi ma mai dogon hannu, da bokitin mofa irin wanda ake takawa da ƙafa ya matse da kansa. A kira kafinta ya duba tagogin ɗakin Umma ya toshe ƙasan ƙofa kafin hunturu ya kankama. Ni kuma zan taho da ƙaramar huba, wato injin zuƙe ƙura, ta hannu mai caji, marar nauyi, wadda za a dinga bi da ita kan darduma a tsaye, tare da matata biyu na ajiya. Sharar tsakar gida kuwa na ce a raba wa jikokin da ke kwana a gidan, kowa da ranarsa, yadda aka yi mana muna yara. Ta ce "To Yaya, amma ke za ki faɗa wa Umma ta daina riga su tashi," na ce in sha Allahu ranar Juma'a zan kira ta bayan la'asar.